Daga Abuja zuwa Jos neman waƙoƙin rawar gargajiya na ƙasashen duniya

Makarantar da nake horar wa ƙungiyar raye-raye a Abuja ta yanke shawarar cewa a bikin al'adu na ƙarshen zango, ban da koroso da swange ta Tibi da bata ta Yarabawa da aka saba yi, yara za su nuna rawar wasu ƙasashen waje. Waƙoƙin kam ga su nan birjik a intanet. Amma samun waƙa daban, sanin wadda ƙafar yaro ɗan shekara goma za ta iya bi daban. Shi ya sa na shirya zuwa Jos wurin wani dattijo da ya tsufa cikin koyar da rawa a makarantun garin, wanda ya tara waƙoƙin rawa na ƙasashe tun zamanin kaset, kuma ya gwada kusan kowacce a kan irin yaran nan namu.

Mai zuwa Jos daga Abuja ya yi sammako. Da safe cunkoson Nyanya da Mararaba na masu shiga birni ne, kai da ka nufi Keffi hannunka a sake yake. Idan ka bari sai la'asar kuwa, kai da masu komawa gida za ku taru a hannu ɗaya, ka daɗe ba ka wuce Masaka ba. Na hau Sharon a Nyanya bayan sallar asuba. Kujera N13,000, sai N2,000 na kaya, saboda ina ɗauke da kalangu da 'yar lasifika. Kuɗin motar yana bin farashin mai ne, gara a tambaya kafin a fito. Kalangun ban yarda an sa shi a but ba. Idan kaya masu nauyi suka danne tsarkiya na tsawon awanni, tantanin yakan miƙe ya saki, ko ya tsage ta baki. A cinya ake riƙe shi, cikin jaka.

Har Akwanga titi tagwaye ne, babu abin faɗa. A nan ake barin hanyar Lafiya a yi arewa, a nan kuma direbobi kan tsaya. Na karya da soyayyiyar doya da ƙwai da shayi a kan N2,000. Daga Akwanga zuwa Gwantu da Fadan Karshi hanyar ta koma falle ɗaya, akwai wuraren da kwalta ta farfashe, ga manyan motoci, ga shingayen jami'an tsaro kusa da kusa. Yawanci leƙowa suke yi su ce a wuce. A wani shingen jami'in ya ga jaka a cinyata ya ce in buɗe. Da ya ga kalangu sai ya tambaye ni ko biki za ni, na ce koyo za ni, ya ce Allah ya taimaka. Katin shaida dai ya zauna a aljihun gaba, ba a cikin akwati ba.

Bayan mahaɗar Forest sai Hawan Kibo, wurin da ke tabbatar wa matafiyi cewa ya iso Filato. Hanya ta riƙa lanƙwasa tana hawa, tireloli suna jan ciki a gaba, direbanmu ya koma giya biyu ya bi bayansu da haƙuri, don wuce mota a kwanar da ba ka ganin gabanta shi ne abin da ke jawo haɗari a wurin. Kunne yakan toshe, sai ka haɗiyi miyau ya buɗe. A yankin ne ruwan Assop yake gangarowa daga duwatsu. Da muka hau tudun iska ta canja gaba ɗaya, wanda ya naɗe hannun riga a Akwanga ya fara neman mayafi. Muka wuce duwatsun Riyom da ke ɗore kan juna, Mararaban Jama'a, Bukuru, muka shiga Jos kafin azahar. Garin yana kan tudu mai tsawon wajen mita 1,200, ga shi lokacin hunturu ne. Busasshiyar iskar nan ta ɗaure tantanin kalangun har muryarsa ta yi sama fiye da yadda take a Abuja, dole aka sassauta tsarkiyar kafin a sa masa makaɗi.

Na sauka a wani masauki kusa da titin Bauchi, N15,000 kwana ɗaya. A Jos cikin hunturu ba na'urar sanyaya ɗaki ake tambaya ba, ruwan zafi da bargo ake tambaya, kuma a tabbatar kafin a biya. Abinci ba wahala: masa da miyar taushe da safe, gwaten acca da rana, dankalin Turawa kuwa ya fi na Abuja araha nesa ba kusa ba, tunda a jihar ake noma shi.

Gidan dattijon yana da fili a baya, ƙasa ce daɓaɓɓiya da aka share aka yayyafa wa ruwa. Yara suna zuwa bayan makaranta, maza gefe, mata gefe tare da wata Hajiya da ke kula da su. Bayan mun gaisa na fito da waya zan kunna masa waƙoƙin da na tara, sai ya ɗaga hannu.

“Malam, ajiye wayar tukuna. Wacce ka fi so a ciki? To, tafa mini ita.”

Na ce, “Baba, ai in ka ji ta za ka fi gane ta.”

Ya ce, “Na san ta. Kai nake so in ji. Waƙar da malami bai iya tafa ta ba tare da kiɗa ba, ba zai iya koya wa yaro ita ba.”

A kan wannan ma'aunin muka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Daɗin waƙa a kunne ba shi ne sharaɗi na farko ba. Ƙirgenta ne: bugu nawa ke cikin kowane zagaye, a ina nauyin yake faɗuwa, kuma gudun yana tsaye ko yana ƙaruwa.

Masu sauƙin ba su ɗauke mu lokaci ba. La Raspa ta Meziko ta dace da 'yan firamare na ƙasa: tsalle uku ana musanya dunduniya a gaba, tafi biyu, a maimaita, sannan a saƙala gwiwar hannu a zagaya. Troika ta Rasha ana yin ta uku-uku riƙe da hannu, don tana kwaikwayon dawakai uku masu jan keken kankara: taku 16 na sassarfa, na dama ya shige ta ƙarƙashin hannuwan sauran biyun cikin ƙirge 8, na hagu ma haka, sannan a haɗa da'ira a yi taku 12 a buga ƙafa sau uku. Abin da ke ɓata ta shi ne na tsakiya ya saki hannu lokacin shigewa, alhali shi ma juyawa zai yi ya bi ta ƙarƙashin hannunsa.

Inda muka daɗe shi ne dabke, rawar Falasɗinu da Labanon da Siriya da Jodan, wadda UNESCO ta sanya ta Falasɗinawa cikin jerin al'adun da ake gado a 2023. Waƙar da aka fi yin ta da ita ita ce Ala Dal'ona. A layi ake yi, kafaɗa kusa da kafaɗa, hannu cikin hannu, ana tafiya dama, jagora yana bakin layi yana juya hankici ko carbi a sama. Ana ba da labarin cewa asalinta taron maƙwabta ne masu tattake rufin laka don ya danƙare, irin aikin da matanmu ke yi da waƙa wurin daɓen ɗaki. Takun farko ƙirge shida ne: hagu ta gitta gaban dama, dama ta buɗe, a sake haka, sannan a harba hagu, a buga ta ƙasa. Wurin bugun nan yara ke faɗuwa. Sukan sauke nauyin jiki a kan hagun, sai zagaye na gaba ya zo su fara da dama, layi ya harɗe. Maganin Baba shi ne ya sa su buga ƙafar su ɗage ta nan take, har jiki ya saba cewa nauyi yana kan dama. Akwai wani abu kuma da ke rikita malamai ma: da yawan kiɗan dabke yana tafiya huɗu-huɗu ne alhali takun shida-shida ne, don haka farkon taku da farkon kiɗa ba sa haɗuwa sai bayan ƙirge 12. Yaro mai kunne zai ji kamar ya yi kuskure ya nemi gyarawa. A faɗa masa tun farko cewa haka abin yake. Ga makarantunmu dabke tana da wata fa'ida babba: ba rawar namiji da mace ba ce, ana iya yin layin maza zalla ko na mata zalla ba tare da an rage mata komai ba.

Halay ta Turkiyya 'yar uwarta ce, layi da hankici a hannun jagora, sau da yawa ƙananan yatsu ake saƙalawa. Kayan kiɗanta biyu ne, babbar ganga da ake kira davul da abin busa da ake kira zurna, wanda dangin algaita ne, ginin baki ɗaya, kaifin murya ɗaya. Baba ya kira wani mai algaita da mai ganga na unguwar, ya kunna musu sau biyu, suka ɗauka. Wanda yake da makaɗan fada kusa da shi ba ya bukatar lasifika don halay.

Tarantella ta kudancin Italiya da jig ta Ailan, irin su The Irish Washerwoman, duka suna kan ƙirgen da masu rubuta kiɗa ke sa wa alamar 6/8, wato bugu biyu manya, kowanne an raba shi uku. Kunnen yaranmu ya saba da wannan tun daga kiɗan kalangu na gidan biki, kuma da na gwada bin tarantella da kalangun sai ta zauna daram. Wahalar jig ba a kunne take ba, a jiki take: hannuwa a miƙe a gefe, kafaɗa ba motsi, ƙafa kaɗai ke aiki a kan yatsu. Yaron da ya tashi yana rawa da kafaɗa da ƙugu sai ya yi makonni kafin ya iya tsayar da su. Idan lokaci ya ƙure a ɗauki tarantella, a ba kowa tambari mai ƙararrawa a hannu.

Wadda ta gwada kowa ita ce kalamatianos ta Girka, da waƙar Samiotissa. Ƙirgenta bakwai ne, 7/8, an kasa shi uku da biyu da biyu, wato dogo, gajere, gajere, kuma takunta 12 ne a da'ira buɗaɗɗiya. Yara suna jin ta sai su ƙara bugu ɗaya daga kansu su mai da ita takwas, saboda kusan duk abin da suke ji a rediyo takwas ne. Bayan zagaye huɗu kiɗa ya bar su a baya. Baba ba ya ƙirga musu da lamba. Sa su yake su zauna su riƙa faɗin “kalangu, ganga, ganga” a jere, kowace gaɓa tsawonta ɗaya, suna tafi a farkon kowace kalma. Gaɓa bakwai ke nan, tafi uku. Sai bakin ya iya, hannu ya iya, sannan a miƙe a mayar da tafin taku. Na ga yarinya 'yar shekara tara ta kama shi kafin manyan, don ba ta tsaya tunanin lissafi ba. Ya kuma ja kunnena game da kiɗan Zorba da kowa ke ɗauka shi ne rawar gargajiyar Girka. Mikis Theodorakis ne ya tsara shi don fim ɗin Zorba the Greek na 1964, rawar sirtaki ma don fim ɗin aka haɗa ta daga tsofaffin takun Girkawa. Tana da kyau a dandali, amma kada mai gabatarwa ya ce wa iyaye tun kaka da kakanni ake yin ta.

Kiɗan Zorba da Kalinka ta Rasha, wadda Ivan Larionov ya rubuta a 1860, matsalarsu ɗaya: suna farawa a hankali su yi ta ƙara gudu. Kowane faifai da irin yadda yake ƙara nasa. In ka yi atisaye da wani ka zo ranar biki aka kunna wani, yara sun watse. A zaɓi faifai ɗaya, a sauke shi a waya biyu, kada a canja har a gama. Tsugunnon nan na rawar Rasha da ake yi ana harba ƙafa kuwa, Baba ba ya barin ƙananan yara su yi, manyan ma ba a kan siminti ba, domin duk nauyin jiki a gwiwa yake sauka.

Washegari da safe na leƙa gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, na ga tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda a wurin haƙar kuza aka fara cin karo da su, na kuma zagaya ɓangaren gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Daga nan wani ɗalibin Baba ya kai ni a keke wurin atisayen 'yan asharuwa, rawar Afizere, waɗanda Hausawan Jos ke kira Jarawa. Abin da ya fi ba ni mamaki a tafiyar ke nan. Maza ne a jere, kowa da sarewa a baki, suna busa suna rawa a lokaci guda, ƙafa tana dukan ƙasa da abin kaɗawa a ƙwauri, ganguna suna baya. Mutum ya durƙusa, ya juya, ya miƙe, busar ba ta yanke ba. Wanda ya san yadda numfashi ke ƙarewa cikin minti biyu na koroso zai gane girman wannan aikin. A hanyar dawowa muka tsaya wurin wani mai kundung, kayan kiɗan Birom, katakai jere a kan ƙahonin shanu da ke ƙara musu amo. Ya ce mini a yanayin damina katakan sukan sha danshi muryarsu ta dushe, sai an shanya su.

Tsakanin Jos da Bukuru kududdufan da haƙar kuza ta bari suna nan ko'ina, kuma a kansu Baba ya ɗora zancen waƙoƙin aiki da yamma. A ganinsa, kuma a ganina, su ne suka fi dacewa da makaranta, saboda kowane motsi yana da dalili, yaro ba ya mantawa. Tanko Bushi ta Japan waƙar masu haƙar kwal ce daga tsibirin Kiyushu. A da'ira ake yi, ba a riƙe hannu: a haƙa sau biyu dama, sau biyu hagu, a jefa kwal ta kafaɗa, a ja baya ana kare ido, a tura amalanke, a buɗe hannu, a tafa. Gudunta a tsaye yake kuma a hankali, yara kan kama ta a zama ɗaya. Soran Bushi ta masuntan Hokkaido ce, ana jan taru ana jefa kifi cikin jirgi, jagora yana kira ana amsawa. Wadda makarantun Japan ke yi yanzu sabon tsari ne mai gudu, ana yin ta a tsugune ƙafa a buɗe, cinya tana ƙonewa. Ta dace da samarin sakandare, kuma sai an ɗumama jiki minti goma kafin a fara.

Rawar takalmin roba ta mahaƙa zinare a Afirka ta Kudu ba ta bukatar kayan kiɗa ko ɗaya: takalmin ruwa, tafin hannu, da murya. Ana haɗa ta da Shosholoza, waƙar ma'aikatan ci-rani da jirgin ƙasa ke kai wa ma'adinai, kira da amshi ce irin wadda muka sani. Takalmin ya fi ƙafa girma da lamba ɗaya, don iskar da ke tsakanin roba da ƙwauri ita ke ba da ƙarar; in ya matse sai ka ji sautin ya mutu, yaro kuma ya ji zafi. A sa safa mai kauri, a mari gefen takalmin ba ƙashin gaba ba, a lanƙwasa gwiwa maimakon a sunkuyar da baya kaɗai. Murafen kwalba da aka huda aka zura a waya suna yin aikin akayau. Baba ya ce garin da ya haifi sana'ar marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015 bayan ya yi rayuwarsa yana yi wa talaka mai aikin ƙarfi waƙa da kuntigi, ba sai an yi wa yaransa dogon bayani kan waƙar leburori ba.

Tinikling ta Filifin ita ce iyaye suka fi tafa wa, ita ce kuma ta fi jin ciwo in an yi sakaci. Kayanta gora biyu masu tsawon mita biyu da rabi zuwa uku, da katakai biyu masu kaurin santimita biyar da ake ɗora bakunan gorar a kai, mutum biyu suna zaune suna riƙe. Ƙirgen uku ne: a ɗaya a haɗa gorar, a biyu da uku a buɗe a buga kan katako. Mai rawa ƙafarsa tana waje a ɗaya, tana ciki a biyu da uku. Baba gwangwala yake amfani da ita ga masu koyo, don ba ta da nauyi, in ta kama idon sawu ba ta fasa shi. Ana farawa da layi biyu na alli a ƙasa, sannan gwangwala a ajiye ba motsi, sannan a fara kaɗawa a hankali. Masu riƙewa su kama ta sama, kada yatsa ya shiga tsakani, buɗewar ta kai kimanin santimita 40 kuma ta zama iri ɗaya kowane lokaci. Kuskuren da ya fi yawa nasu ne, ba na mai rawa ba: suna kallon ƙafarsa sai su bi ta, gudu ya ƙaru, a kama shi. Kiɗa za su saurara, idonsu a kan katako. Ba takalmi ake yin ta.

Da aka zo kan Indiya Hajiya ce ta karɓi zancen. Ta ce, “Malam, kada ka kunna musu waƙar fim ka ce ta gargajiya ce, iyayen nan sun fi ka sanin finafinan.” Bangra ta Fanjab rawar girbin alkama ce da gangar dhol, kafaɗa da tsalle, ta dace da maza. Gidda ta matan Fanjab ce, da'ira da tafi, ɗaya ta jefa baiti saura su amsa, biyu su shiga tsakiya. 'Yan matan Hajiya da suka iya gaɗa ba su sha wahalarta ba ko kaɗan. Amma garba da rawar sanduna ta dandiya a Gujarat suna da alaƙa da bautar bikin Nabaratri, ko da yake sandunan suna tuna wa mutum takkai. Haka Tanko Bushi, a bikin Bon na tunawa da magabata ake yawan yin ta, ko da yake baitocinta na ma'aikata ne. Korobeiniki ta Rasha, wadda yara suka sani daga wasan Tetris, baitocinta daga waƙen marubuci Nekrasov na 1861 ne, labarin ɗan koli da budurwa da suka haɗu da dare. A ɗauki ta kiɗa zalla. Jarabe Tapatío ta Meziko rawar neman aure ce, La Bamba ma a jihar Berakurus ta ƙasar ango da amarya ke yin ta suna ƙulla ƙyalle da ƙafa. Duk wannan ba hani ba ne. Haƙƙin iyaye ne su san abin da 'ya'yansu ke nunawa, haƙƙin masu al'adar ne kuma kada a ɗauki ibadarsu a mai da ita wasan dandali ba da sani ba. A nemi fassarar kowace waƙa kafin a kai ta gaban shugaban makaranta.

Sauran bayanin na kayan sauti ne, kuma ya fi yadda ake zato muhimmanci. Idan yara suna kallon bidiyo a waya sauti yana fita ta lasifikar Bluetooth, sautin yakan makara kaɗan a bayan hoto, sai su koyi sauke ƙafa kafin bugu. A haɗa da waya mai igiya, ko malami ya koya shi kaɗai ya nuna musu. A fili kuma sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, don haka lasifikar da ke nesa da masu rawa da mita 34 tana isa kunnensu a makare da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, abin da ya isa ya raba layin dabke biyu in wasu suna jin ta kusa wasu ta nesa. A ajiye ƙarama ɗaya a gaban dandali tana fuskantar yaran. Akwai manhajojin da ke rage gudun waƙa ba tare da murya ta canja ba. A fara da kashi 75 cikin ɗari, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Tayil mai sulɓi ba wurin rawa ba ne, ƙasa ko katako ake nema.

Kafin in taso na shiga kasuwar Terminus na sayi takalman ruwa ƙafa takwas, N6,500 kowace bayan ciniki, na kuma samo gwangwala huɗu ta hannun ɗalibin Baba. Na ba Baba abin da ya sawwaƙa, ya karɓa bayan ja-in-ja, ya ce in aiko masa da bidiyon bikin ya ga layin dabke da idonsa. A tasha aka ce gwangwalar ba za ta shiga cikin mota ba, sai a kan rufi, N3,000. A ɗaure ta wuri uku, gaba da tsakiya da baya, a sa tsumma tsakaninta da igiya don kada ta ci jikinta. Gangaren Hawan Kibo da ramukan Gwantu sun sassauta ɗaurin har sai da direba ya sake ja a Akwanga.

Abin da na tsayar wa bikin shi ne La Raspa ga ƙananan aji, Tanko Bushi ga 'yan tsakiya, gidda da tinikling ga 'yan mata, dabke da rawar takalmin roba ga samari, kowacce kada ta wuce minti uku, a sa koroso a tsakiya don makaɗa su shigo. Kalamatianos na ɗaga ta zuwa zango mai zuwa, domin makonnin da suka rage ba za su isa ƙirgen bakwai ya zauna a ƙafar yara ba, amma tafin “kalangu, ganga, ganga” mun riga mun fara shi a ƙarshen kowane atisaye.